WA ZAI KWANCE MARIN? Magana ga Masu Bi a kan Horon Samari da Jiyyar Masu Ciwon Hankali a Ƙauye

 Ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa har yanzu kana cikin masu tambaya, ina roƙonka ka ara mini kunnenka, gama maganar da na ke so in yi da kai ba ta wata ƙasa mai nisa ba ce. Tana nan a bakin kasuwarku, wataƙila ma tana bayan ɗakinku. Ga tambayar: idan hankalin mutum ya taɓu, likita kuwa yana can nesa a birni, a wuyan wa alhakinsa ya ke? Wane irin horo kuma ya kamata mu yi wa samarinmu da 'yan matanmu, domin su zama shugabannin da za su iya ɗaukar wannan kaya?

I. ABIN DA HANNUNA YA YI

Zan fara da laifin kaina, domin kada ka ce na hau tudu ina yi wa na kwari faɗa.

Sa'anda na ke ɗan shekara 9, akwai wani mutum a ƙauyenmu da aka sa a mari, aka ɗaure shi a turu a gindin wata tsamiya, bayan gidan wansa. Manya suna cewa jifa aka yi masa. Mu yara kuwa, in mun dawo daga kiwo, sai mu biya ta wurin, mu yi masa waƙa, mu jefe shi da ƙwallon goruba da tsakuwa, domin mu ji ya yi ihu mu watse muna dariya. Ran nan dutsena ya same shi a goshi, jini ya zubo. Bai yi ihu ba. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya kira ni da sunana, ya kira sunan ubana, sa'an nan ya ce in taimake shi da ruwa. Na sheƙa da gudu, ban kai masa ba.

Bayan damina biyu ya rasu, marin yana ƙafarsa. Sai da na girma tsohona ya gaya mini cewa mutumin nan shi ne sarkin samarin garinmu a zamaninsa, shi ne kuma ya jagoranci gayya a gonarmu shekarar da tsohona ya kwanta ciwo, da ba don shi ba da ba mu ga tsaba a rumbu ba. Daga baya kuma, sa'anda na yi karatu, na gane irin ciwonsa yana da magani, asibitin da a ke ba da shi kuwa bai fi tafiyar rabin yini a mota daga gare mu ba. Ko an yi masa jifa irin wanda manya su ke nufi, wannan ban gani ba. Jifan da na gani da idona, namu ne.

II. CIWON HANKALI CIWO NE

Abu na fari da ya wajaba mai bi ya sani shi ne, ƙwaƙwalwa gaɓa ce daga cikin gaɓoɓin jiki, kamar hanta da huhu, tana kuwa kamuwa da ciwo kamar yadda su ke kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya cewa a shekarar 2019 mutum 1 daga cikin kowane mutum 8 a duniya yana fama da wani irin ciwon hankali, wato wajen mutum miliyan 970. To, idan ɗakin sujada ya ɗauki mutum 80, kada ka yi tsammani abin yana waje kaɗai.

Mu Hausawa mukan tara su duka a kwando ɗaya mu ce hauka, amma iri-iri ne. Akwai wanda ya ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, yana zargin ana binsa, yana magana ba kai ba gindi. Irin wannan yakan fara ne tun mutum yana saurayi ko farkon girmansa. Akwai ciwon damuwa, wanda ya fi yawa, ya kuma fi ɓuya: mutum ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, abin da ya ke so a dā ya fita daga ransa, mutane su ce ragwanci ne ko baƙin hali. Akwai mai jego wadda hankalinta ya kan rikice cikin makonnin fari bayan haihuwa, kamar mace 1 ko 2 cikin 1,000. Akwai wanda ya ga kisa ko ƙone-ƙone, ko aka sace shi aka sako, ya dawo jikinsa lafiya amma firgita ba ta bar shi ba; ƙauyuka da yawa a ƙasarmu sun san wannan. Akwai wanda shaye-shaye ya lalata. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya ko wiwi ko makamantansu cikin shekara guda, a wannan shekara kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Akwai kuma farfaɗiya, wadda ita ba hauka ba ce sam, ba a kuma ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Cikin masu ita 10, har 7 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai.

Ka ga, ɗan'uwana, ba ɗaya daga cikin waɗannan da bulala ke warkarwa. Ba kuwa wanda ya fi ƙarfinsu, ko malami ko jahili, ko mai bi ko wanda ba mai bi ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

III. LIKITA YA YI NISA

Wani zai ce, to, in ciwo ne, ai sai a kai shi asibiti, magana ta ƙare. Da ma haka ta ke da sauƙi! Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya, bisa ga abin da ƙungiyarsu ta faɗa a 2022, ba su kai 300 ba, mutanen ƙasar kuwa sun wuce miliyan 200, kuma yawancin likitocin nan a manyan birane su ke. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da sassa a asibitocin koyarwa. Amma ka tuna da manomin da ɗansa ya rikice a tsakiyar damina. Sai ya bar noma, ya nemi kuɗin mota na mutum uku, ya sami direban da zai yarda ya ɗauke su, ya sayi magani, sa'an nan ya sake komawa wata mai zuwa. Da ya auna wannan duka, sai ya tafi wurin maƙeri, gama mari sau ɗaya a ke biyan kuɗinsa.

Saboda haka kada mu yi saurin la'antar iyalin da suka ɗaure nasu. Sau da yawa gajiya ce da tsoro da rashin mataimaki. Amma abin da ya kamata mu ji kunyarsa shi ne wannan: a 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da labarin wurare 28 da ta ziyarta a Nijeriya, inda a ke ajiye masu ciwon hankali, ta tarar da mutane a cikin sarƙa a yawancinsu, har da yara. Cikin wuraren nan akwai asibitocin gwamnati, da gidajen masu maganin gargajiya, da gidajen addini, har da waɗanda a ke kiran sunan Almasihu a cikinsu. Ba mu da bakin nuna wani da yatsa.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar da cewa mai ciwon hankali yana da hakkin a mutunta shi, a yi masa magani, kada a azabtar da shi. Abin godiya ne. Amma doka ba ta da ƙafa, ba za ta taka ta je gindin tsamiya ba. Sai wani ya je.

IV. WAƊANDA BA SU JIRA BA

Bari in ba ka labarin mutum huɗu, domin ka ga aikin nan ba na likitoci kaɗai ba ne.

A ƙasar Ingila, a zamanin da a ke ɗaure masu ciwon hankali da sarƙa kamar namun jeji, wani mai sayar da ganyen shayi, William Tuke, shi da 'yan'uwansa masu bi suka buɗe wani gida a birnin York a 1796. Suka zaunar da marasa lafiya a kan tebur ɗaya da masu lura da su, suka ba su aikin lambu, suka yi musu magana da ladabi. Tuke ba likita ba ne, amma likitoci suka zo koyo a wurinsa.

A ƙasarmu, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani abu a Aro, kusa da Abekuta, a 1954. Maimakon ya kulle marasa lafiya a bayan ganuwa, sai ya shirya da dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, aka ba marasa lafiya masauki a gidajen mutane, kowa da wani ɗan'uwansa da zai yi masa girki ya lura da shi. Da rana su zo asibiti a duba su, da maraice su koma cikin jama'a. Duniya ta yaba wa wannan hanya, har daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A ƙasar Kwaddibuwa akwai Grégoire Ahongbonon, mutumin Binin, sana'arsa facin taya. Ya taɓa yin arziki, ya karye, har ya yi tunanin kashe kansa. Da ya farfaɗo, sai ya fara bin titunan birnin Buwake da dare yana kai wa masu ciwon hankali abinci da ruwa. Daga shekarun 1990 ya buɗe gidajen jiyya, yana shiga ƙauyuka da kayan aikinsa yana yanke sarƙoƙi. Da yawa daga cikin masu aiki a gidajen nan, a dā su ma marasa lafiya ne.

A ƙasar Zimbabuwe kuma, wata yarinya da Dokta Dixon Chibanda ya ke dubawa ta kashe kanta a ƙauyensu, domin iyalinta ba su da kuɗin motar da za su maido ta asibiti. Abin ya tsaya masa a rai. A wajen 2006 ya tara tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare cikin Harare, ya koya musu yadda za su zauna a kan benci da mai damuwa, su saurare shi, su taimake shi ya rarrabe matsalolinsa ya kama ɗaya ya fara da ita. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016, a kan mutum 573, ya nuna cewa bayan wata 6, cikin waɗanda suka zauna a bencin nan kamar kashi 14 cikin 100 ne alamun ciwon damuwa suka rage musu, cikin waɗanda ba su zauna ba kuwa kamar kashi 50.

Mai shayi, da mai faci, da kakanni, da mutanen ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bi wannan hanya, gama tun 2008 ta fito da shiri na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon hankali da ba da maganinsa. To, in kaka za ta iya koyo, me zai hana saurayi mai ƙafa da keke da waya?

V. WANE NE SHUGABAN SAMARI?

Kakanninmu ba su jahilci horon shugabanni ba. Kowane gari yana da sarkin samarinsa, ba kuwa don ya fi kowa iya magana a ke naɗa shi ba. Shi ne wanda in ya kira gayya a ke fitowa, shi ke fara kama kunya shi ke ƙarshen tashi, shi ke raba faɗa a dandali. Sun kuma ce babba juji ne, wato wanda kowa ke kawo masa sharar zuciyarsa ya zubar, shi kuwa ya haɗiye.

Yau muna tara samari, muna koya musu tsayawa gaban taro, da riƙe littafin kuɗi, da rera waƙa, da maci cikin tufafi iri ɗaya. Duka suna da kyau, ni ma a ciki na tashi. Amma waɗannan ayyuka ne da a ke yi ana kallo, ana tafi. Wanda ya ke son girma kawai zai iya yinsu duka ba tare da zuciyarsa ta sāke ba. Akwai wani aiki da ba a yi masa tafi. Mai ciwon hankali ba zai zaɓe ka ba, ba zai yabe ka a kasuwa ba, wataƙila ma ya zage ka ran da ka kai masa tuwo. Domin haka ne na ce nan ne ma'aunin. In kana so ka san ko saurayi ya isa ya shugabanci 'yan'uwansa, dubi abin da ya ke yi sa'anda yara suka taru suna bin mahaukaci da jifa: yana dariya, ko yana wucewa kamar bai gani ba, ko kuwa yana shiga tsakani?

Akwai kuma dalilai uku da suka sa aikin nan ya dace da matasa. Na fari, yawancin ciwon hankali a cikin ƙuruciya ya ke farawa, aboki kuwa shi ke riga uba ganin alama, gama tare su ke kwana a zaure. Na biyu, ƙanana samari su ke kwaikwayo. Ran da manyan samari suka hana jifa, ran nan jifa ya mutu a garin. Na uku, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ya koyi tausayi yana ɗan shekara 18 ba zai je wurin maƙeri ba sa'anda ya zama mai gida.

VI. ABU SHIDA DA ZA A KOYA MUSU

Na ɗaya, su koyi lura. Wanda ya daina zuwa hira, wanda ya kwana uku bai runtsa ba, wanda ya daina wanka, wanda ya fara rabar da kayansa yana ban kwana, kada a ce zai wuce.

Na biyu, su koyi zama da sauraro. Wannan ya fi wuya, gama bakinmu ya fi kunnenmu sauri. A zauna, a bar shi ya faɗi nasa, kada a yi masa wa'azi tun bai gama ba, kada a yi gardama da shi a kan abin da ya ce yana ji ko yana gani, kada kuma a yi masa ƙaryar cewa ana gani tare da shi. Samari su je wa maza, 'yan mata su je wa mata, su tafi biyu-biyu.

Na uku, su koyi riƙe asiri. Wanda ya kwashe zancen mara lafiya ya kai dandali ya yi masa jifan da ya fi na dutse ciwo.

Na huɗu, su san abin da ba ya jiran gobe. Rikicewar hankali tare da zazzaɓi mai zafi ko sandarewar wuya, wataƙila sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. A kai asibiti a ranar. Mai farfaɗiya in ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki; in jijjigar ta wuce minti 5 a nemi asibiti. Mai jego da ta rikice, kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kada kuma a tsangwame ta. Wanda ya ce ya gaji da duniya, a tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa, gama tambaya ba ta shuka tunanin, sai dai ta buɗe ƙofar taimako. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da igiya da maganin feshi da na ɓera, a gaya wa wani babba da ma'aikacin lafiya. A nan kaɗai asiri ba ya riƙuwa, gama rai ya fi asiri. Mutum sama da 700,000 ke kashe kansu kowace shekara a duniya, kamar kashi 1 cikin 5 kuwa da maganin ƙwari na gona. Saboda haka kulle maganin feshi a akwati aikin ceton rai ne.

Na biyar, su san hanya. Su je ƙaramin asibitin da ya fi kusa tun ba a bukata, su gai da malamin asibiti, su tambaye shi inda a ke duba masu irin wannan ciwo da ranar da a ke dubawa, su karɓi lambar wayarsa. Su kafa asusu domin kuɗin mota, ko da kowa kwano guda na dawa zai zuba da kaka. Su kira gayya a gonar gidan da ke jiyya, domin uba ya sami sukunin tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na shida, su koyi naciya. Maganin ciwon hankali ba ya aiki dare ɗaya. Na damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, wani kuma sai an yi shekaru ana sha. Da yawa sukan bari da zarar sun ji dama, ciwon ya dawo, mutane su ce ai da ma mun faɗa. In maganin ya kawo rawar jiki ko sandarewa ko dalalar da yawu, a koma wurin wanda ya ba da shi ya gyara, kada a watsar. In mutum ya warke kuma, a ba shi fartanya, a ba shi wurin zama a cikin sahu, a kira shi da sunansa na yanka. Zumunta a ƙafa ta ke.

VII. TAMBAYOYI UKU MASU NAUYI

Wani mai bi zai ce, “Malam, zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne? Ba addu'a ce ta kamata ba?” Ɗan'uwana, in ƙafar ɗanka ta karye, kana addu'a kana kuma kiran mai ɗori, ba ka ga saɓani a ciki ba. Me ya sa sai a kan ƙwaƙwalwa? Ka tuna da Basamariyen nan na misali, wanda ya zuba mai a raunin mutumin da ya tarar a hanya, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya kuɗin masauki daga aljihunsa. Ka tuna da annabi Iliya, sa'anda ya gaji har ya roƙi mutuwa a gindin wani itace cikin jeji. Ba a tsauta masa ba, abinci da ruwa aka ba shi, aka bar shi ya yi barci. Ka tuna kuma da mutumin nan mai zama a makabarta, cikin Bishara ta hannun Markus sura 5: sarƙa aikin mutanen garinsu ce, ba ta kuwa amfane shi da kome ba. Ubangiji ya tambayi sunansa, ya warkar da shi, aka same shi a zaune da tufafi, sa'an nan ya mai da shi gida wurin danginsa. Yi addu'a, ka yawaita ta. Amma duk wanda ya ce a hana mara lafiya abinci kwana da kwanaki, ko a yi masa bulala, ko a zubar da maganinsa da sunan addu'a, ka sani bai koyi wannan daga Ubangijinmu ba.

Wani kuma zai ce, “In ya ɗauki adda fa? Mu zuba masa ido ya sari mutane?” A'a. Gaskiya ita ce yawancin masu ciwon hankali ba su cutar kowa, sun fi zama waɗanda a ke cuta. Amma akwai lokacin da mutum zai tashi da faɗa, a nan kuwa kāre rai wajibi ne. A janye yara, a kori 'yan kallo, mutum ɗaya wanda ya ke jin maganarsa ya yi masa magana a hankali. In ba makawa sai an riƙe shi, maza da yawa su riƙe shi ba duka ba zagi, ba danne wuya ko ƙirji, domin a kai shi asibiti a ranar. Riƙo na sa'a guda domin a kai mutum ga magani dabam ne da mari na shekara goma domin a huta da shi. Na farko ƙauna ce mai nauyi. Na biyu binne mutum ne da ransa.

Na uku zai ce, “Mu yara ne, wa zai ji maganarmu? Mu ba likitoci ba ne.” Gaskiyarka, ku ba likitoci ba ne, kada kuwa ku mai da kanku. Kada ku raɗa wa ciwon mutum suna, kada ku sayo ƙwaya a kasuwa ku ba shi. Ku gada ce tsakanin gindin tsamiya da ƙofar asibiti. Kada kuma ku faɗa gidan mutane da guduma kuna cewa kun zo kwance mari. Ku fara da mai gida, ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce, “Baba, mun ga nauyin da ka ke ɗauke da shi, mun zo mu kama maka.” Ku tafi da wani dattijo, ku sanar da mai unguwa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Dattijon da zai ƙi jin wa'azin yaro, da wuya ya ƙi yaron da ya nome masa gona. Kada kuma ku tambayi addinin mara lafiya kafin ku taimake shi, kada ku mai da taimako ciniki. Ku ma ku lura da kanku: wanda aikin ya yi wa nauyi ya faɗa wa 'yan'uwansa, a karɓe shi ya huta.

VIII. ABIN DA ZA KA YI YAU

Ya ɗan'uwana, na dawo kan tambayar da na fara da ita. A wuyan wa alhakin ya ke? Gwamnati tana da nata, mu kuma tuna mata ba fasawa, ta kawo magani da ma'aikata kusa da talaka. Likita yana da nasa. Amma kafin su iso, alhakin yana wuyan wanda ya fi kusa, wanda ya fi kusa kuwa ni ne da kai.

Ku dattawan ikilisiya, in za ku zaɓi shugaban matasa, ku sa wannan cikin ma'auninku. In kun shirya musu taron horo, ku ware yini guda ku gayyato ma'aikacin lafiya ya koya musu abu shidan nan. Kai kuma saurayi, ke kuma budurwa, ba sai kun jira taro ba. Kun san mutumin, kun san inda ya ke kwana. Ku binciki sunansa na gaskiya, gama yana da suna, uwarsa ta yi masa rawar suna kamar yadda aka yi muku. Gobe da safe ku gaishe shi da shi.

Ni dai ba ni da ikon komawa gindin tsamiyar nan, an ma daɗe da sare ta. Amma duk garin da aikina ya kai ni, nakan tarar da wani a zaune a irin wurin, yana kuwa roƙon abin da wancan ya roƙe ni. Ruwa ne, ɗan'uwana, ƙwarya guda. Ka kai masa, ka zauna har ya sha, sa'an nan ka tashi ka nemo masa hanyar magani.

Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.